Guzurin Matafiyi Daga Sotouboua Zuwa Dapaong

'Yan'uwa, duk lokacin da aka buɗe makarantu ko Sallah ta ƙarato, muna ganin jama'armu a tashar Sotouboua da buhuna da akwatuna kamar masu ƙaura. Wani kuɗin kayansa ma ya kusa kamo kuɗin kujerarsa. Alhali abubuwan da ke fitar da matafiyi daga wahala a wannan hanya duka suna shiga jaka guda.

Mu fara da sanin hanyar. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Lome har iyakar Burkina Faso a Cinkasse, ita ce ta ratsa garinmu. Daga nan zuwa Sokode kimanin kilomita 50 ne. Daga Sokode sai Bafilo da duwatsun Aledjo, sai Kara, Niamtougou, hawan Defale, Kante, Mango a bakin kogin Oti, sannan Dapaong. Jimilla ta haura kilomita 300, kuma manyan motocin da ke kai kaya ƙasashen Sahel suna rage gudun kowa. Don haka mu yi sammako bayan sallar Asuba, mu isa kafin Magariba.

Abu na farko a jaka shi ne takardu. A watan Yunin 2022 an sanya yankin Savanes, inda Dapaong take, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda matsalar tsaro, shingayen bincike kuwa suna da yawa. Katin shaidar ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba, kada a cusa shi cikin buhun da aka ɗaure a saman mota. Ɗalibin Jami'ar Kara ya haɗa da katin makaranta. Mai niyyar tsallaka iyaka ya riƙe fasfo da katin allurar shawara.

Na biyu kuɗi. Mu raba shi uku: canji a aljihu don ruwa da kuɗin babur, kuɗin komowa a wani wuri daban, ragowar kuma a asusun waya, kamar Flooz. Ko an yanke aljihu, ba a rasa duka ba. A yi cinikin kuɗin kaya da ɗan kamasho tun kafin a ɗora, domin da zarar an ja igiya ciniki ya ƙare.

Na uku sutura da abinci. Kaya kala biyu da na jiki sun ishi tafiyar mako guda, idan akwai sabulu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, a ƙara rigar sanyi da man kaɗe. A Maris da Afrilu zafin arewa ya fi namu tsanani, sai a ƙara ruwa. Gari da ƙuli-ƙuli da dabino ba sa lalacewa, kuma sun fi abincin tasha araha. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauki wanda zai kai shi har komowa.

Sallah ma an sauƙaƙa mata. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru idan tafiya ta kai kimanin kilomita 80, kuma ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ke nan mai zuwa Sokode zai cika, mai zuwa Kara ko Dapaong zai mayar da Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Ƙaramar darduma da buta sun wadatar.

Kakanninmu fatake da suka bi ta Mango zuwa Salaga sayen goro ba su tashi ayari sai madugu ya san inda za a yada zango da wanda zai karɓi baƙi. Mu ma mu kira ɗan'uwa ko limamin unguwar da za mu sauka tun kafin mu bar gida, mu rubuta lambarsa a takarda ko da cajin waya ya ƙare. Wannan kira guda yana iya raba mu da kuɗin masauki, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.