Kiwon Karnuka A Bulabulin: Riba Ta Mai Gida, Haɗari Na Unguwa

Duk wanda ya san Yerwa ya san Bulabulin. Unguwa ce mai cunkoson jama'a a cikin Maiduguri, inda gida ke jingine da gida, yara kuwa ba su da filin wasa sai lungu. A irin wannan unguwa, in aka ga kare a da, to na mafarauci ne, ko kuwa na kan juji wanda ba shi da ubangida. Amma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 1999 da goma, watau 2009, tsaron gida ya zama abin da kowane magidanci ke kwana da shi a rai. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya yi sha'awar abin da zai farkar da shi da dare.

Wannan sha'awa ta kan taso har daga Kudu. 'Yan Arewa da yawa masu aikin gadi a Ikoyi da Apapa da Bodija da Fatakwal suna kwana tare da manyan karnukan Turawa, irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel. Mutum ya kan ji an sayar da kwikwiyo ɗaya a kan kuɗin da ya fi albashinsa na wata, sai ya fara lissafi: in ya aika da karya ɗaya gida, ta haifi bakwai ko takwas, ai ya sami jari. Lissafin yana da daɗin ji, amma akwai abubuwan da ya kamata a sa a ciki tun kafin a ɗora kwikwiyo a mota.

ABIN DA KIWON KE CI

Karya ta kan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, ta kan ɗauki ciki na kwana 63 ko kusa da haka, 'ya'yan kuma ba a raba su da uwa sai sun yi mako 8. Duk tsawon wannan lokaci aljihun mai gida ne ke ciyarwa. Babban kare ba ya rayuwa a kan ƙanzo da ragowar tuwo, sai da nama ko kifi, uwa mai shayarwa kuwa cinta ya kan ninka.

Bayan ci sai magani. Akwai wata cuta da likitocin dabbobi ke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ta kan share kwiyakwiyai duka cikin 'yan kwanaki. Rigakafinta allura ce da a ke farawa tun suna mako 6 zuwa 8, a kuma maimaita. Ga tsutsar ciki, ga kaska mai shan jini tana sa zazzaɓi. Har ila yau ga zafin Borno, wanda a watan Afrilu ya kan wuce digiri 40. Karen da aka yi gashinsa don sanyin Jamus, in aka kulle shi a ɗakin kwano ba inuwa ba ruwa, rana ɗaya ta isa ta kashe shi. Wanda kuma ya haɗa uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa, don gudun biyan kuɗin barbara, ya kan sami 'ya'ya masu raunin ƙugu waɗanda ba mai saye.

Ga masu kiwo a Maiduguri, Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyar da likitancin dabbobi da asibitinsa. Zuwa can tun kare yana da lafiya ya fi arha bisa zuwa bayan ya kwanta.

HAUKAN KARE

Duk asarar da aka ambata ta mai gida ce shi kaɗai. Wadda ta shafi unguwa ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare su ke kamuwa, kuma kamar kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A unguwa irin Bulabulin, waɗannan yara su ne masu zuwa aike, da masu talla, da almajiran da ke tsayawa a bakin zaure.

Muguntar ciwon ita ce ɓoyewa. Mikin cizo ya kan warke, a manta da shi, sai bayan wata biyu ko uku mutum ya fara zazzaɓi, ya riƙa firgita, ya kasa haɗiye ruwa. In aka kai nan, kusan ba mai tashi. Amma kafin nan akwai mafita. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, a fara masa allurai, a kuma cika su yadda likita ya tsara. Sa gashin karen a kan mikin, ko tsayawa ga rubutu da tofi kaɗai, ɓata lokaci ne mai tsada. Karen kuma a ɗaure shi a lura da shi kwana 10. In ya mutu ko ya canza hali, a sanar da likitan dabbobi.

Wannan magani ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da shi. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka. A kan yi wa kwikwiyo ita yana wata 3, a riƙa sabuntawa. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, ciwon ya kan daina yaɗuwa. Don haka takardar allura ita ce abu na farko da mai saye zai nema, ita ce kuma maƙwabci ke da hakkin ya ce a nuna masa.

MATSAYIN MALAMAI

Malaman Malikiyya, mazhabar da a ke bi a Borno da ƙasar Hausa, sun yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, wasunsu kuma sun haɗa da tsaron gida in bukata ta kama. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Sai dai batun sayar da kare akwai hani a kansa, an kuma yi saɓani game da wanda aka halatta ajiyewa. Mai niyyar mayar da abin sana'a ya kamata ya zauna da malaminsa tukuna.

IN ABU YA ƁACI

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ina za a kai su in ba su sayu ba? Kwikwiyon da ya wuce wata huɗu a hannu ya zama baki mai ci. Wasu su kan sake su a titi, su ƙara yawan na juji. Wasu su kan sayar wa 'yan sari masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta Jihar Filato, daga can a wuce da su Kudu don yanka.

Mutanen Bulabulin sun kuma ga yadda dare ɗaya ke juya al'amari. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Bulabulin da Gwange da wasu unguwanni, har dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu da yawa, wasu suka fita. Mai gudu da iyali a irin wannan dare ba shi da hannun ɗaukar karnuka shida.

Saboda haka wanda ke Ikko ko Badun yana shirin aika kwikwiyo gida, ya fara duba ko akwai katanga da ƙofa mai kulle, ko akwai babban mutum da zai kula ba yara ba, ko akwai kuɗin abinci da allura na shekara guda a ajiye. Ya sanar da maƙwabta da Bulama, ya kuma san cewa ranar da karen ya ciji ɗan wani, kuɗin asibiti da amsa tambaya a gaban hukuma duk a wuyansa su ke, ko da yana nisan kwana biyu a mota. In bai ga zai iya ba, tunkiya biyu sun fi masa kwanciyar hankali.