Manhajar da ke Karanta wa Makaho Allon Kwamfuta Kyauta

Na shafe shekara biyu ina karanta wa wani ɗalibina mai lalurar gani takardun darasi kowace yamma. Wata rana ya ce mini, “Malam, Allah ya saka da alheri, amma daga yau na hutar da kai.” Ya buɗe kwamfutarsa, ya taɓa madannai, sai wata murya ta fara karanto masa darasin da saurin da kunnena ya kasa bi.

Sunan manhajar NVDA. Wani makaho ɗan ƙasar Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta ta a 2006, daga baya abokinsa James Teh, wanda shi ma makaho ne, ya mara masa baya, suka kafa ƙungiyar NV Access domin kula da ita. Abin da ya zaburar da su shi ne tsadar manhajoji irin su JAWS, wadda cikakken lasisinta ke haura dala 1,000. Tasu kuwa kyauta ce. Tana aiki a kan Windows, tana furta abin da ke kan allo, kuma ana iya ɗora ta a filash a tafi da ita duk inda akwai kwamfuta. Mai amfani da ita ba ya buƙatar linzami, madannai sun wadatar.

To, ina gizo ke saƙar? A wurinmu masu ido. Manhajar rubutu take karantawa. Idan malami ya ɗauki hoton takardar da ya rubuta da hannu ya tura wa aji ta WhatsApp, ya rufe wa makaho ƙofa ba tare da ya sani ba. Ni kaina na sha yin haka, sai da ɗalibin nan ya ankarar da ni.

Tun Janairun 2019 aka sanya hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, amma doka ba za ta buga mana takarda ba. Ina kira ga malamai da ma'aikatan ofis su riƙa tura rubutun da aka buga a kwamfuta maimakon hotonsa, makarantu kuma su sanya NVDA a ɗakunan kwamfutocinsu, tunda ko kwabo ba za ta ci musu ba.