Haɗa Ragamar Tsaron Kwamfuta a Hannun Hukuma Ɗaya: Nazari a Kan Harin Bututun Man Colonial na 2021

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba tambaya guda: shin kafa hukuma ɗaya ta tsakiya ya isa ya kare abubuwan da rayuwar ƙasa ta rataya a kansu, watau lantarki da ruwan sha da man fetur da asibitoci da bankuna, daga masu kutse ta intanet? Za mu ɗauki misalinmu daga Amurka.

2.0 Tsarin da Ke Akwai Kafin Harin

A shekarar 2013 gwamnatin Amurka ta kasa irin waɗannan abubuwa gida 16, kowane gida da ma'aikatar da ke lura da shi. A watan Nuwamba na 2018 kuma aka kafa hukumar CISA a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, domin ta zama uwa ga duk harkar. Sai dai mafi yawan waɗannan kadarori mallakar kamfanoni ne, ba na gwamnati ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

3.0 Harin da Abin da Ya Tona

Ranar 7 ga Mayu, 2021, wata ƙungiyar ɓarayi mai suna DarkSide ta kulle bayanan kamfanin Colonial Pipeline, ta nemi kuɗin fansa. Bututun kamfanin ya kai mil 5,500, daga Texas zuwa yankin New York, kuma ta cikinsa ake tura kimanin kashi 45 cikin 100 na man da gabashin ƙasar ke sha. Ɓarayin sun shiga ne da kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, wanda ba a yi masa mataki na biyu na tantance mai shiga ba. Kwamfutocin ofis suka kama, amma kamfanin da kansa ya tsayar da bututun don gudun kada ɓarnar ta yaɗu. Ya biya kusan dala miliyan 4.4, man bai sake gudana ba sai ranar 12 ga wata, alhali gidajen mai da dama sun ƙafe.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin bai tuntuɓi CISA kai tsaye ba. Hukumar bincike ta FBI ya sanar, ita ce ta jawo CISA cikin maganar. Ba kuma doka ya karya ba, domin babu dokar da ta tilasta masa. Bugu da ƙari, mai kula da tsaron bututun mai ita ce TSA, watau hukumar nan da ke binciken fasinjoji a filayen jirgin sama, kuma ƙa'idojinta a lokacin shawara ce kurum, wanda ya ga dama ya bi.

A ganinmu, hukumar da ba ta da ikon cewa a kawo mata labari, makauniya ce komai yawan gwanayenta. Ga alama mahukuntan sun fahimci haka, domin kafin watan ya ƙare TSA ta umarci kamfanonin manyan bututu su sanar da CISA duk wani hari cikin awa 12. A watan Maris na 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗora wa CISA tsara ƙa'idojin kai rahoton babban hari cikin awa 72, na biyan fansa kuwa cikin awa 24.