Rubutu da Ado a Kan Kek: Aikin da Bai Fi Ƙarfin Matanmu Ba

A watan Agustan bara an ɗaura auren wata yarinyar ikilisiyarmu a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Dangin ango suka ce lalle sai an yanka kek irin na birni. Aka aika Kano, aka biya kuɗin da ya isa sayen tunkiya. Ran Jumma'a kek ya biyo mota ta Wudil, daga Gaya kuma aka ɗora shi a babur. Ya kwana a ɗakin fasto, ruwa kuwa ya kwana yana zuba. Da safe aka buɗe kwali, sai ga farar rigar kek tana naso kamar bangon da damina ta ci, sunan amarya ya zame ya hau na ango. Layin ƙasa kaɗai ya tsira, inda aka so a ce "Sannu da zuwa, baƙinmu", amma aka rubuta "bakinmu". 'Yan makaranta suka yi ta dariya har aka watse.

Tun daga ranar wasu matan Zumunta suke tambayata ko wannan aiki ya fi ƙarfinsu. To, bai fi ba. Farar rigar nan da ake lulluɓe kek da ita ana kiranta fondan, kalmar Faransanci ce mai nufin abin da ke narkewa. Daga Turai al'adar ta zo mana. A Ingila farin kek ya yi suna tun auren Sarauniya Biktoriya a 1840, lokacin da farin sukari yake abin masu hali. Amma in aka cire sunan, kwaɓin garin sukari ne kawai wanda ake murzawa a shimfiɗa. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon madara, ta baza shi a faranti, ta yanka shi gida-gida, hannunta ya riga ya san rabin aikin.

Ga kwaɓi mafi sauƙi. A sami garin sukari na kanti, wanda masu kek ke kira aisin shuga, giram 500, da farin ƙwai ɗaya ba tare da gwaiduwa ba, da gulukos mai yauƙi babban cokali biyu. A tankaɗe garin da rariya mai laushi. A ɗan ɗumama gulukos ta wurin tsoma kwalbarsa a ruwan zafi, a haɗa shi da farin ƙwai, sa'an nan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana juyawa. In ya yi kauri sai a juye a kan tebur mai tsabta a murza da hannu har ya daina kama yatsa. Kada a ce za a daka sukarin shayi a turmi domin rage kuɗi. Na gwada, ba ya yin laushi, tsaki-tsakinsa yana yaga kwaɓin. Gulukos ɗin kuma ba na tsallakewa ba ne, shi ne ke hana kwaɓi bushewa ya karye. Da yake ɗanyen ƙwai ne a ciki, a yi amfani da wanda kaza ta saka a ranar, kuma kada kek ya wuce kwana biyu ba a ci ba.

Akwai wani kwaɓin da ake yi da jelatin maimakon ƙwai. A nan sai mu yi hattara. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, da yawansa kuwa na alade ne. Yawancin waɗanda za su sayi kek a ƙasar Gaya maƙwabtanmu ne Musulmi, su ne kuma muke gayyata bikinmu. In takardar ba ta faɗi daga wace dabba ya fito ba, a bar shi a kanti. Haka nan masu dama kala da barasa don ta bushe da wuri: ruwan lemon tsami yana yin wannan aiki. Ranar da mutum ɗaya ya ji an ciyar da shi abin da addininsa ya hana, ƙungiya ta rasa kasuwar gari duka, ta rasa amanar da ta fi kasuwar.

Abin da ya kashe kek ɗin bara shi ne sukari yana jan ruwa daga iska. Da damina, musamman Yuli da Agusta, fondan yakan yi gumi, kala ta zube. A irin wannan lokaci a ƙara gari, a yi ado a ranar biki ko daren jajibiri, a sa kek cikin kwali, ba cikin leda ba. Wanda yake da firiji kada ya sa shi ciki, gama da zarar an fito da shi raɓa za ta sauka masa. Da hunturu kuwa matsalar ta juya: iska ta bushe, kafin ki gama murzawa gefe ya fara tsagewa kamar kaushi. Sai a shafa ɗan mai a tafin hannu, a ɗauki abin da za a yi aiki da shi kaɗai, sauran a ƙulle a leda. Da bazara, a yi aikin da asuba.

Kek ɗin kansa, ko a tukunyar yashi aka gasa shi a kan gawayi, sai ya huce sarai kafin a taɓa shi. A yanke tudun samansa, a shafa masa zuma ko jam kaɗan domin riga ta kama. A barbaɗa garin sukari a tebur, a murza kwaɓin da kwalba mai santsi har kaurinsa ya kai milimita 4, watau kamar tsinken ashana biyu a haɗe. A ɗaga a ɗora, a lallaɓa da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Kala kuma ta abinci ce kaɗai, mai lambar NAFDAC. Ban da shuni, ban da rinin tufafi. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai duhu, kurkum yana ba da rawaya, amma ɗigo-ɗigo, don ruwa yana sake kwaɓi.

Yanzu sai rubutu, wanda a ganina shi mai biki yake biya. Ba wanda zai tuna furen da ke gefe, amma uwar amarya za ta nemi sunan 'yarta. Da farko mai kek ya rubuta sunan da hannunsa a takarda, don kada gardama ta tashi daga baya. Sa'an nan a yanki takarda daidai faɗin kek, a rubuta kalmomin a kanta. A ƙirga baƙaƙen har da filin da ke tsakanin kalmomi, a nemo na tsakiya, a fara daga nan a tafi dama da hagu. Mun saba ganin allon kanti da aka fara da manyan baƙaƙe aka ƙare da ƙanana a matse. A kan kek ba a gogewa. In rubutun ya zauna, a ɗora takardar a kan fondan a bi layin da allura ana huda ƙananan ɗigo, a ɗauke, a bi ɗigon. Ana iya bi da siririn buroshi da kala, ko da kwaɓi mai ruwa-ruwa na farin ƙwai ɗaya da garin sukari giram 250, a zuba a takarda da aka naɗe kamar mazurari a yanke bakinta. Kada a sa kalmomi fiye da shida ko bakwai.

Masu sayen 'yan robobin yanka baƙaƙe a kasuwar Sabon Gari su lura: na Turanci ne, 26, babu Ɓ, babu Ɗ, babu Ƙ. Shi ya sa baƙi suka koma baki. Maganin ba wuya. A yanka B ko D ko K, a murza ɗan kwaɓi siriri kamar taliya, a lanƙwasa shi kamar lauje, a manna da ɗigon ruwa. A babban Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana sama ta hagu, a babban Ƙ tana kan hannunsa na sama ta dama. Ɗanladi da Ɗanjuma da Ƙauna suna da yawa a cikinmu, kuma "Barka da samun ɗa" in babu ƙugiya magana ce da ba a ƙarasa ba.

Game da kuɗi, shawarata ga ƙungiyoyi ita ce kada a ci bashi don sayen kaya tukuna. Ƙwai namu ne, zuma da zoɓo ma akwai. Abin saye shi ne fulawa, garin sukari, gulukos da kala, waɗannan kuwa in ƙungiyoyi biyu ko uku suka haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya isa ya sayo daga Kano. A karɓi rabin kuɗi kafin a kunna wuta, gama kek mai sunan wani ba ya sayuwa ga wani. A sa kuɗin gawayi da na babur a lissafi, su ne aka fi mantawa.

Bukukuwa suna yawaita bayan kaka, ga Kirsimeti kuma. Mai son shiga aikin ta fara tun yanzu a bayan farantin silba: ta shimfiɗa kwaɓi, ta rubuta sunanta, ta tattara, ta sake murzawa. Kwaɓi ɗaya yana ɗaukar gwaji da yawa kafin ya bushe.