Tsatsa A Ƙarƙashin Mota

Mai motar da ke jigilar takin zamani daga Tambuwal zuwa Kebbe ya kan wanke samanta fes, ya manta da shasi, watau ƙarfen da ke ɗauke da ita duka. Can laka ke maƙalewa, taki kuwa in ya jiƙe cin ƙarfe ya ke yi.

Aikin rani ne. A wanke, ya bushe sarai, a kankare da buroshin waya har farin ƙarfe ya fito. Sa'an nan a shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu, a bi da baƙi mai kwalta. Wanda ya shafa bisa tsatsa ya zubar da kuɗinsa, gama tana nan tana ci daga ciki. Baƙin mai kuwa, damina ɗaya ke wanke shi.