Matse Bayanan Intanet a Kwamfuta Mai Shiga Tsakani: Ina Matsayin Rubutun Hausa?

1.0 Gabatarwa

A jami'o'i irin Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, kwamfutoci da dama kan yi tarayya a layin intanet guda, kuma kowane shafi aka buɗe kuɗi ne. Wata dabarar rage wannan nauyi ita ce sanya kwamfuta mai shiga tsakani, wadda ke karɓo shafi a madadin mai karatu, ta matse shi, sannan ta miƙa masa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda matsewar ke aiki da yadda ta shafi Hausa.

2.0 Yadda Ake Matsewa

Tushen dabarar shi ne maimaici. A 1977 Lempel da Ziv suka nuna cewa idan jerin haruffa ya sake bayyana, ana iya maye gurbinsa da gajeriyar alama mai nuni ga inda ya fara fitowa. A kan wannan, tare da tsarin Huffman na 1952, aka gina manhajar gzip a 1992. Manhajar Opera Mini, wadda ta fito a 2005 ta kuma karɓu a Nijeriya, ta riƙa matse shafuka a kwamfutocin kamfaninta kafin su isa wayar mai karatu. Sai dai hotuna ba sa matsuwa ta hanyar gzip, domin an riga an matse su. Haka kuma shafin da aka kulle da tsarin HTTPS ba ya karantuwa ga mai shiga tsakani, sai an ba shi mabuɗi.

3.0 Matsayin Hausa

Hausa na da wadatar maimaici, kamar ninki a “kaɗan-kaɗan” da yawan “da”, “na” da “ta”, don haka tana matsuwa. Amma haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) kowanne na cin bayit 2 a tsarin UTF-8, alhali b, d da k na cin 1. Bugu da ƙari, tsarin Brotli da Google ya fitar don shafukan intanet a 2015 yana ɗauke da ƙamus na kalmomi fiye da 13,000, na Ingilishi, Sifaniyanci, Sinanci, Hindi, Rashanci da Larabci. Babu Hausa a ciki, saboda haka gajeren shafin Hausa ba ya cin gajiyar ƙamusun kamar na Ingilishi.

4.0 Kammalawa

Daga rumbun matani ake tsamo irin wannan ƙamus. Ke nan tattara matanin Hausa da daidaita ƙa'idojin rubutunta, wanda aikin masana harshe ne, shi ne matakin farko na sama mata gurbi.