Buhun da aka rubuta wa mudu ɗaya

Wayar Android da kake tambayar farashin masara da ita a kasuwar Funtua, tushenta Linux ne, wanda aka rubuta da yaren C. A wannan yare, mai rubuta manhaja kan bar jeri a ƙarshen tsarin bayanai, sai manhaja tana aiki ake sanin yawan abin da zai ɗauka. Ƙa'idar 1999 ce ta ba wannan jeri alamarsa, wato []. Kafin nan dabara ake yi, a rubuta [1] ko [0], kamar ka rubuta "mudu ɗaya" a jikin buhu alhali arba'in za ka zuba.

To, saboda wannan dabara, manhajar da ke fassara C zuwa yaren na'ura ta daina yarda da lambar duk wani jeri na ƙarshe. Bayanai suna iya malalewa su wuce iyaka ba ta tsawata ba, kuma ta wannan kafa masu kutse ke shiga.

A 2023, GCC 13 ya zo da zaɓin -fstrict-flex-arrays. A mataki na 3, [] kaɗai ake sakar wa mara, kuma Linux 6.5 ya kunna shi. Tsohon rubutu fa? Duk inda [1] ya rage, aikin da lafiyarsa lau sai a ɗauke shi kuskure. Gyaran ma sai an natsu: mayar da [1] zuwa [] yana rage girman tsarin, dole a sake lissafin wurin da aka ware masa.